Bangon Lakar da Na Yi a Libaful

Abin da na fara yi a ƙasar Ingila shi ne na miƙa wa ɓarawo akwatina da hannu biyu, har da yi masa godiya. Jirgin ruwa ya sauke mu a Libaful da hantsi, ana yayyafi. Sai ga wani dogon Bature da hula mai baki, riƙe da takarda, ya ce shi aka turo ya tarbi ɗalibai. Ya karɓi akwatin, ya ce in tsaya nan kada in motsa, zai kawo mota. Na tsaya. Wallahi har azahar ina tsaye, don a Bauchi an koya mana in Bature ya ce tsaya, tsayawa ake yi. Bargona, da rigunan sanyi biyu, da kilishi, da yajin da Inna ta yi kwana biyu tana dakawa, duk suka tafi. Har yau in na tuna yajin nan sai na yi tsaki.

Sunana Habu. Gidanmu gidan magina ne a cikin garin Bauchi, ta wajen Ƙofar Wunti. In mutum yana so a yi wa fuskar zaurensa ado, Baba ake nema, shi ke jan zane da yatsunsa a kan ɗanyen yaɓe. Ni ma da taka laka na tashi, kafin a sa ni boko. A makarantar Midil wani Bature malaminmu ya ga ina kwaikwayon hoton kalanda har ba a bambancewa, shi ne En'e ta ce za ta tura ni koyon zane shekara biyu, in na dawo da takardar shaida a ba ni malamin zane. 'Yan shekaru ne kafin mulkin kai, lokacin ana ta neman 'yan Arewa da za su gaji kujerun Turawa.

Baffannina ba su so ba. Baffa Sale, yayan Baba, ya ce a gaban magina duka, "Yaron nan zai dawo ba shi a magini, ba shi a malami." Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya ce, "Zai dawo da takarda. In bai dawo da ita ba, ni za ku tuhuma." Wannan maganar ce na shiga jirgi da ita, kuma ita ba ta cikin akwatin da aka sace.

Da na tabbata an cuce ni, na ɗaga murya a bakin tashar nan na ce, "Allah ya isa!" Sai na ji daga bayana an ce, "Amin, amma wa ya taɓa ka?"

Na waiwaya, ga wani gajeren baƙin mutum cikin kwat yana dariya. Yohanna ke nan, mutumin kudancin Bauchi, Kirista, ya shekara a can yana koyon aikin safiyo. Ya zo karɓar saƙo ne. A gida da wuya mu sa hannu a kwano ɗaya. A nan ya cire kwat ɗinsa ya yafa mini, da ya ji ɗan gidan wa ne ni ya ce, "Ɗan magina, kai ne na uku da mai hular nan ya yi wa. Zo mu nema maka ɗaki."

Kwana uku muna neman ɗakin. Titi bayan titi, gidaje a jere duk iri ɗaya, baƙi ƙirin da hayaƙin kwal. Ka ƙwanƙwasa, a buɗe ƙofar kamar faɗin tafin hannu, a dube ka, a mayar a rufe. Wasu ma sun hutar da kai, sun manna takarda a taga cewa ba sa karɓar baƙar fata. Ina ganin labule na motsi, ana leƙenmu. Zuciyata ta hau, na ce wa Yohanna zan buga wata ƙofar da ƙafa. Ya ce, "Buga mana, sai su ba ka ɗaki kyauta a wajen 'yan sanda." A ƙarshe wata Misis Malon ta karɓe ni. Mijinta ya mutu a teku lokacin yaƙi, fuskarta kullum a ɗaure. Ta ba ni ɗakin can sama, ta gindaya mini sharaɗi: ba girki, ba baƙi, ba hayaniya. A bayan gidan akwai ɗan fili da rumbun kwal.

A makaranta aka haɗa ni da wani tsohon Bajamushe, Mista Gruba. Ranar da na fara ganin zanensa na ce a raina wannan da a Bauchi ne sai an kai shi wajen malamai an yi masa rubutu. Fuskar mutum kore shar, sama ja jawur, gidaje sun karkace kamar za su faɗo wa mai kallo. Fentin ma ba shafa shi yake yi ba, lafta shi yake yi. Daga baya na ji gudu ya yi daga ƙasarsu, saboda hukumar can ta ce irin zanensu ciwo ne, ta tattara nasa ta ƙone. Shi a ganinsa ba kamannin abu ake zanawa ba, abin da ya yi maka a rai ake zanawa.

Ni kuwa kamanni kaɗai na iya. A ajiye kwanon lemo, in zana shi har ka ji kamar ka ɗauka. Ya zo ya tsaya a bayana, ya ce, "Mene ne wannan?"

"Kwanon lemo ne, Malam, yadda aka ajiye shi."

"Kwanon yana nan a kan tebur, ba na bukatar na biyu. Kai me ya dame ka yau?"

"Ba komai, Malam."

"Ƙarya kake. Takalminka a jiƙe yake, kana jin haushina. Ban ga ko ɗaya a nan ba."

Haka muka yi ta yi shekara guda. Da kyar na tsallake jarrabawar farko. Sai ga wasiƙa daga En'e cewa shekara ta biyu ita ce ta ƙarshe, in na faɗi ba ƙari, in shigo jirgi. Bayanta kuma ga ta Baba, wadda mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ya rubuta masa. Bayan gaisuwa layi ɗaya ne: Baffanka Sale yana tambayar labarin takarda. Mista Gruba kuma ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa da irin wannan zanen ba zan ci ba. Na rame. Abincinsu ba gishiri ba yaji, rana kuma sai ta yi mako ba ka ga idonta ba. Kewar gida ta kama ni har ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa nake ji a hanci, alhali ina cikin bas.

Wata uku kafin jarrabawa, Mista Gruba ya sake tsayawa a bayana ya ce, "Wani kwanon kuma." Kai, ranar ban san lokacin da na yi jifa da buroshi ba. Na kwashi baƙin fenti da tafin hannu na lafta a kan zanen, na ja yatsu uku daga wannan gefe zuwa wancan, na murɗa na dawo, yadda Baba ke yi a ɗanyen yaɓe. Ɓata shi nake nufin yi in fita. Tsohon ya cafke wuyan hannuna.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ubana. Magini ne. Laka yake yi, ba fenti ba."

"Wata goma sha takwas kana ɓoye mini hannunka?"

Ya ja ni har bayan makaranta. Akwai wani kangon sito da bom ya rushe lokacin yaƙi, bango ɗaya ne ya rage a tsaye, tsawonsa ya kai gaba shida. Ya ce, "Naka ne. Ka yi shi da ƙasar garin nan, a nan waje, inda iskarsu da hayaƙinsu za su same shi." Na ce ai ƙa'idar jarrabawa a rataye aiki a cikin babban zaure. Ya kaɗa hannu ya ce, "Bar ni da su. In sun gani za su manta da ƙa'ida."

Yohanna bai yarda ba. Ya ce, "Habu, ka ba su kwanon lemonsu, ka karɓi takarda, in ka koma Bauchi ka yi ta laka har ka gaji. Tsohon nan su ma kansu haƙuri suke yi da shi." Na ce kwanon lemon ma an ce ba zai ci ba. Ya ce, "To aƙalla shi ana iya ɗaukarsa a shiga da shi ɗaki." Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Amma tun da na taka ƙasar nan, ranar ce kaɗai hannuna ya ji shi nawa ne. Lokacin da ya rage ba zai isa in yi duka biyu ba, na zaɓi bangon.

Ƙasa na samo a inda ake haƙa harsashin sababbin gidaje, jar laka mai danƙo, ba ta da laifi. Ciyawa na tsinto daga akwatunan kaya a tashar jirgi. Saura kashin doki. Akwai wani tsoho, Bili, da ke rarraba kwal a layinmu da keken doki. Na tare shi na ce ina son kashin dokinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Fure za ka shuka?" Na ce bango zan yi. Ya yi dariya har da tari, ya ce in zo in kwasa.

A sana'armu ba a kwaɓa ƙasa yau a yi yaɓe gobe. Sai an haɗa ta da ciyawa da kashin doki, a rufe, a bar ta ta ruɓe kwana goma sha biyu, kullum da safe a buɗe a taka a juya. Mai gadin makaranta ya ce ba za a shigo masa da kashi ba. Sai na haƙa rami a bayan rumbun kwal na Misis Malon. Ban tambaye ta ba. Ba don raini ba, wallahi, ko a raina bai zo ba, don a garinmu wa ke neman izini kafin ya kwaɓa ƙasa a bayan gida? Kullum bayan asuba in naɗe ƙafar wando, in shiga ramin ba takalmi, ina takawa ina salati a hankali saboda sanyi.

A kwana na takwas ƙasar ta fara wari sosai. Ni murna nake yi, don warin nan shi ne alamar ta kama hanya. Ashe matar da ke maƙwabtaka da mu ta yi kwana da kwanaki tana leƙena ta tagarta. Abin da ta gani, baƙin mutum a cikin rami da sassafe, yana tattaka wani abu yana motsa baki, ga wari. Ina cikin ramin sai na ji an buɗe ƙofar baya. Ɗan sanda ne da duba-gari, Misis Malon a bayansu da rigar barci, matan layi kuma sun cika kan katanga.

"Fito," in ji ɗan sandan. "Me ka binne a nan?"

Na san in aka rubuta sunana a littafinsu, makaranta ba za ta jira jarrabawa ba, korata za ta yi. Turancina duka ya gudu. Na ce, "Ƙasa ce, ranka ya daɗe," da Hausa. Suka kawo cokalin haƙa mai yatsu, duba-garin ya toshe hanci da hankici ya shiga tonawa. Ina tsaye da laka har gwiwa, ƙafafuna sun mutu da sanyi, ina kallo ana watsa aikin kwana takwas a kan duwatsu. Ciyawa suka samu da kashin doki. Ɗan sandan ya ce to tsafi ne ko me? Na tattaro Turancin da ya rage na yi bayani. Ban ga alamar ya gane ba. Ya fito da littafi.

Sai Misis Malon ta yi magana. Ta ce, "Mayar da littafinka. Wata ashirin yana gidana, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Ba mugu ba ne, wawa ne kawai." Ɗan sandan ya mayar da littafin. Duba-garin ya ce kafin gobe da tsakar rana a kwashe, in ba haka ba zai zuba mata farar ƙasa mai ƙuna. Da suka fita ta juyo gare ni, idonta ya cika da hawaye. "Shekara talatin ina layin nan ba a taɓa kira mini ɗan sanda ba. Sun ce kada in ɗauke ka, na ɗauke ka. Ka bar mini gida ran Asabar." Na ba ta haƙuri, ta ce ta ji, amma ran Asabar. Ban ga laifinta ba, kunyar da na jawo mata ta fi ƙarfin haƙuri.

Ƙasar kuma saura mata kwana huɗu. Na je wajen Bili ba tare da na san me zan ce ba. Ya riga ya ji labari, layin duka sun ji. Ya ce, "Kai ne ka sa matar nan ta kusa faɗowa daga taga?" Ya yi dariyarsa mai tari, ya kawo kekensa da buhunan kwal wofi, muka kwashe ta tas. Ya ba ni lungu a bargar dokinsa. Ya ce, "A nan ba wanda zai ji wari, doki ma ya saba." Ni kuma na koma shimfiɗa tabarma a ɗakin Yohanna, ina shiga ina fita a ɓoye kada mai gidansa ta gani.

Saura wata guda na fara yaɓe. Ban zana dagi ko sauran adon zaure irin na Baba ba. Ƙofofi na yi. Ƙofofin layukan da muka bi da Yohanna, a jere, dogaye, sirara, sun karkato gaba kamar za su rufto wa mai wucewa, ko wacce a buɗe faɗin tafin hannu. Tagogin na ƙwaƙule su da babban yatsa, na bar labulen a ɗage gefe ɗaya. Baƙin launi na samu daga kunkunniyar bututun hayaƙi, ja daga garin bulon kangon da na daka, fari daga tsohuwar farar ƙasar da ke jikin ɓaraguzai. Ba abin da ba na garin ba ne. Ina yi ina jin haushin na fita ta yatsuna. Mista Gruba kan zo ya zauna a kan bulo yana shan lofensa.

Abu ɗaya na rasa, makuba. A gida ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a shafe bango da ruwansa don ya jure ruwan sama. Ina Ingila ina ɗorawa? Wata rana na kurɓi shayinsu da ya daɗe a buta, na ji baurin nan ya kama mini harshe, irin na ruwan makuba sak. Na roƙi matar da ke dafa shayi a makaranta ta riƙa tara mini ganyen da aka gama da shi. Ba ta tambayi dalili ba, kullum ta ajiye mini bokiti a bakin ƙofa. Na dafa, na tace, na tanada.

Amma makuba sai a busasshen bango, bangon kuwa ya ƙi bushewa. A Bauchi kwana uku ya isa. A nan kwana goma, in na danna yatsa sai ya shige. Ba rana, iskar ma a jiƙe take. Na rufe shi da tamfol, ya fara furfurar ruɓa. Na buɗe, yayyafi ya sauko. Kullum da safe in je in danna, in ƙirga kwanakin da suka rage, abinci ya daina shiga. Saura kwana shida, saura biyar.

Akwai masu gyaran titi a gaban makaranta da gwangwanayen garwashi da suke jin ɗumi. Na sani sarai ba a gasa yaɓe da wuta. Tun ina yaro na sani, wanda duk ya gwada a gidanmu sai ya sha mari. Na yi ta zagaya gwangwanayen nan kwana biyu ina kau da kai. A na uku na roƙe su, suka ara mini biyu daga Asabar zuwa Litinin. Na jera su a gindin bangon na yi ta fifita.

Ya bushe kuwa. Ran Lahadi da la'asar ina tsaye ina murna, sai na ji ƙas. Sai kuma ƙas, ƙas. Tsaga ta tashi daga inda wutar take ta haura, wata ta bi ta. Na janye gwangwanayen da hannu har na ƙone, amma aikin gama ya gama. Na cusa laka a tsagogin, na shafe da ruwan shayin har sau uku, ina yi ina roƙon Allah kada a yi ruwa sai bayan Laraba, ranar jarrabawa.

Ran Laraba da ruwa aka wayi gari, ba yayyafi ba, ruwa na sosai. Masu jarrabawa uku suka zo daga Landan, maza biyu da wata tsohuwa mai tabarau. Suka zaga babban zaure, suka iso wurin da aka rubuta sunana, ba komai sai ƙusa. Mista Gruba ya ce aikin yana waje, taku hamsin ne kawai. Babbansu ya ce ƙa'ida a rataye aiki a nan, kuma a iya ajiye shi shekara guda. Mista Gruba ya fara da lallashi, ya koma ihu, Turancinsa ya cakuɗe da yarensu, fuskarsa ta yi ja. Shugaban makaranta ya ce masa ya isa. Ina tsaye a gefe, ina jin ruwa na dukan rufi, na san kowane ɗigo yana shiga tsagogin nan.

Tsohuwar ce ta ɗauki laimarta ta ce, "Nuna mini." Muka fita mu uku, ni da ita da Mista Gruba. Baƙin ya fara zubowa a kan jan, ƙofofin kamar suna narkewa. Ta daɗe tana kallo. Muna tsaye ɓangaren sama na hagu ya saɓule ya faɗo tim a gabanmu, laka ta fantsama mata a takalmi. Ba ta matsa ba.

Ta ce, "Na san titunan nan. Ban taɓa ganinsu daga waje ba sai yau." Sannan ta ce, "Nan da wata guda ina aikin zai kasance?"

Na ce, "A garinmu duk bayan damina ake sabunta bango."

"Mu a nan ajiyewa muke yi. Zan faɗa musu abin da na gani, amma murya ɗaya gare ni."

Bayan mako biyu aka liƙa sunaye. Na karanta daga sama zuwa ƙasa sau uku, ba nawa.

Mista Gruba ya same ni a tasha ranar da zan tafi. Ya ce, "Na zaci za su fita. Laifina ne." Ni kuwa ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce masa shi yana da albashinsa da ɗakinsa, ni da wane ido zan dubi ubana? Na ce ya yi wasa da rayuwata don ya huce haushinsa a kan mutanen Landan. Bai musa ba. Ya miƙo mini ambulan, na fizga ban ce na gode ba. Sai a jirgi na buɗe. Hoton bangon ne, ya ɗauka ran Talata kafin ruwa. Ban sake ganinsa ba, ban kuma rubuta masa ba, abin nan yana damuna har gobe. Yohanna ya raka ni har bakin jirgi, ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa maka ba.

Jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Jos, sannan babbar mota zuwa Bauchi. Tun da na hango duwatsun garinmu nake fatan motar ta lalace. Wasiƙar En'e ta riga ni isowa, aikin malamin zane har an ba wani. Na shiga unguwa da la'asar. Zaurenmu a cike yake, baffannina da manyan magina, kamar an kira su. Na durƙusa na gaishe su. Aka amsa a daƙile. Baffa Sale ya ce, "To, Habu, a fito mana da ita mu sa albarka."

Na sunkuyar da kai. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Yaya, ba shi za ka tambaya ba. Na ce ni za ku tuhuma. Ga ni." Suka yi masa kuwa. Wannan ya ce an ɓata yaro, wancan ya ce an mai da gidan abin dariya a gari. Mutumin da ko sarki ya kira shi aiki sai an lallashe shi, yana zaune ana wanke shi tas a zaurensa saboda ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da aka watse ya rage daga ni sai shi. Ya ce, "Shekara biyu. Ba abin da ka zo da shi ko kaɗan?"

Na ciro hoton na miƙa masa da hannu biyu. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe ƙwarai, yana bin layukan da farcensa.

"Wa ya kwaɓa maka ƙasar?"

"Ni ne, Baba."

"Kwana nawa?"

"Goma sha biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya ƙara kusantar da hoton ga idonsa. "Tsagar rana daga sama take farawa. Wannan daga ƙasa ta taso, wuri biyu. Gasa shi ka yi da wuta."

"Lokaci ne ya ƙure, Baba."

"Gasa shi ka yi ko ba ka gasa ba?"

"Na gasa."

"To ko ni ne mai jarrabawar, kayar da kai zan yi."

Tun daga Libaful ban yi kuka ba sai a nan. Ya bar ni na yi mai isata, bai rarrashe ni ba. Da na share fuska na miƙa hannu in karɓi hotona. Ya ture hannun, ya sa hoton a aljihun rigarsa, ya ce in shiga ciki, Inna tun safe ba ta ci komai ba.